Daga Poura zuwa Essakane: Ina Rabon Mai Gona a Zinariyar Burkina?

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun mayar da shi rubutu saboda waɗanda shirin ya wuce su da masu son ajiyewa. Maganarmu a kan zinariyar Burkina Faso ce, da yadda aka yi ta sauya mata uban gida tun zamanin Turawa har zuwa yau.

Abin da ya kawo maganar kowa ya san shi. A watan Agusta na 2024 gwamnatin Burkina ta karɓi mahaƙan zinariya biyu, Boungou da Wahgnion, daga hannun 'yan kasuwa. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta ce kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyom a Arlit ya zama na ƙasa. Tun daga nan, duk majalisar shayin da ka zauna a Kamsaoghin tambayar ɗaya ce: ramin na wane ne, namu ko na baƙi? Tambaya ce mai kyau. To amma akwai ta biyu da ba a cika yi ba: mutumin da aka haƙa ramin a gonarsa, ko a makiyayar dabbobinsa, mene ne nasa? Tarihin shekara 60 da wani abu ya nuna cewa amsar ta farko ba ta cika zama amsar ta biyu ba.

Kafin takarda ta zo

Zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun kafin Bature ya tako nan, ana haƙar ta a yankin Poura da ke bakin kogin Mouhoun, da kuma ƙasar Lobi wajen Gaoua. Masanin tarihin nan ɗan Burkina, Jean-Baptiste Kiéthéga, ya bi diddigin tsofaffin ramukan Poura, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Aikin rani ne a wancan lokaci. In an gama girbi sai a shiga rami, mata su wanke turɓaya a ƙwarya, in damina ta faɗi a koma gona. 'Yan kasuwar Wangarawa da Yarse ke saye su kai gaba. Kakanninmu fatake kuwa, masu bin hanyar Gwanja daga Kano su ratsa Gurma zuwa Salaga da kanwa da tufafi su komo da goro, a irin waɗannan kasuwanni suka haɗu da su, a irin wannan tafiya kuma aka kafa zangon Wagadugu.

Abin lura a nan shi ne wanda ke ba da izini. Baƙo ba ya sa diga a ƙasa sai ya je wurin mai ƙasa, wanda Mosawa ke kira tengsoba. Mutane da yawa sun ɗauka zinariya dukiyar aljanu ce, tana da sharuɗɗa, tana da ranakun da ba a taɓa ta. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ma'anarsa a fili take: mai ba da izini yana cikin gari, ana ganin sa, ana iya zuwa ƙofar gidansa a yi masa magana.

Mulkin Faransa ne ya raba saman ƙasa da ƙarƙashinta. Manomi na iya noma sama, amma abin da ke ƙasa na hukuma ne, ita ke ba wanda ta ga dama takardar haƙa. Da aka samu 'yanci a 1960 ba a taɓa wannan ƙa'ida ba, sai dai hukumar ta tashi daga Dakar da Paris ta dawo Wagadugu. Kundin tsarin mulki na 1991 ya ce albarkatun ƙasa na al'umma ne. A aikace kuwa, sa hannun minista ke magana da sunan al'ummar. Ku riƙe wannan, domin duk rigingimun da za mu ambata daga nan suka tsiro.

Poura, ramin da gwamnati ta riƙe

Mahaƙar zamani ta farko a ƙasar nan a Poura take. Wani kamfani mai jarin Faransa ya yi aiki a wurin daga 1961 zuwa 1966, ya rufe. A 1984, zamanin Thomas Sankara, aka sake buɗe ta ƙarƙashin kamfanin SOREMIB, wanda gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Abin alfahari ne a lokacin: ƙasar da ta sauya suna a wannan shekara daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso tana fitar da zinariyarta da hannun 'ya'yanta. Gari ya cika, aka gina gidajen ma'aikata, kasuwa ta buɗe.

Shekara 15 abin ya yi. A 1999 farashin zinariya ya faɗi ƙasa da dala 260 kowace oza, kamfanin ya kasa riƙe kansa, aka rufe. Ma'aikata suka watse, masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki suka bi bayansu. Wurin kuma ba a gyara shi ba, ramuka da tsibin turɓayar da aka wanke da sinadari suka zauna yadda suke. Matasa suka koma shiga tsofaffin ramukan da kansu, a 2006 ƙasa ta rufta da wasu, aka yi asarar rayuka.

Darasin Poura yana da ɗaci saboda babu baƙon da za a nuna da yatsa. Ramin na ƙasa ne, tutar da ke bakin ƙofa tamu ce, duk da haka ranar da aka kashe injin ba a tanadar wa garin komai ba.

Haka labarin Tambao yake ta wata fuska. Can ƙurewar arewa, kusa da iyakar Mali da Nijar, akwai dutsen manganis, ƙarfen da ake haɗawa wajen narka baƙin ƙarfe, an san da shi tun wajen 1960. Yana cikin dalilan da suka sa ƙasashen uku suka kafa hukumar Liptako-Gurma a 1970. A 1985 Sankara ya ƙaddamar da yaƙin shimfiɗa layin dogo, talakawa suka fito suna ɗaukar ƙarafa da hannu domin jirgi ya kai Tambao. Layin ya isa Kaya ya tsaya. A 2012 aka ba kamfanin Pan African Minerals na attajiri Frank Timis wurin, a 2015 aka dakatar da shi, magana ta kai kotun sasanci ta duniya. Mutanen Markoye da kewaye sun tsufa suna jin alkawarin jirgi.

Zinariyar da fari ya tono

Yayin da gwamnati ke ji da Poura, wani abu ya faru a arewa wanda babu wanda ya tsara shi. Farin 1984 ya kashe dabbobi, ya ƙone gero. Mutanen Oudalan da Seno suka shiga tonon ƙasa suna neman abin da za su sayar su ci. A haka aka ci karo da zinariyar Essakane wajen 1984 zuwa 1985. Kafin a ce me, daji ya zama gari: Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Mosawa da Hausawa, daga Burkina, Mali da Nijar. A ɗaya gefen iyaka ma haka aka yi a Koma Bangou ta ƙasar Tera.

Gwamnati ta ga abin, a 1986 ta kafa hukumar CBMP, ta ce ita kaɗai za ta sayi zinariyar talaka. Farashin da take bayarwa bai kai na kasuwa ba, don haka zinariya ta koyi bin hanyar dare tun daga lokacin. An karya wannan babakere cikin shekarun 1990, aka ba 'yan kasuwa izinin saye, daga baya hukumar ta mutu gaba ɗaya.

Kada a raina wannan haƙa ta gargajiya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INSD, ta ƙirga wuraren haƙa 448 masu aiki, da mutum wajen dubu 140 da ke aiki a cikinsu kai tsaye, ta kuma kiyasta sun fitar da tan 9.5 a shekarar 2016. Abin da ya bi ta hannun hukuma a ciki bai kai tan ɗaya ba, sauran ya bi ta Togo da wasu hanyoyi ya fice. Aiki ne mai haɗari. Akwai zaiba da gubar siyanir, akwai yara a bakin rami, akwai ruftawar ƙasa duk damina. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyi suka tashi a wata mahaƙa a Gbomblora kusa da Gaoua, mutum wajen 60 suka rasu. Duk da haka, kuɗin wannan haƙa shi ne ke shiga aljihun ɗan ƙauye kai tsaye, ya sayi babur, ya yi rufin kwano, ya aurar da ƙanwarsa. Shi ya sa duk ranar da kamfani ya zo da takarda ya ce a tashi, ba rami kawai ake karɓewa ba, abincin gari ake karɓewa.

Ƙofa ta buɗe

A 1991 Burkina ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Shawarar da aka ba ƙasashen Afirka a lokacin iri ɗaya ce: gwamnati ta janye hannu daga haƙa, ta sassauta haraji, masu jari za su zo. Aka yi dokar ma'adinai a 1997, aka sake ta a 2003 da ƙarin rangwame. Kamfani na shigo da injuna da sauƙin kuɗin kwastan, harajin ribarsa bai kai na sauran 'yan kasuwa ba, an kuma yi masa alkawarin ba za a sauya masa sharuɗɗa ba har tsawon shekaru. Gwamnati tana da kashi 10 cikin 100 kyauta a kowace mahaƙa.

Sai aka yi dace farashin zinariya ya fara hawa. Taparko ta buɗe a 2007, Youga, Mana da Kalsaka a 2008, Inata da Essakane suka biyo, Bissa a 2013, Houndé a 2017, Boungou a 2018. Masu jarin yawanci 'yan Kanada ne, sai Ingila, Ostareliya da Rasha. A 2009 zinariya ta ture auduga, ta zama abu na farko da ƙasar ke fitarwa waje. A 2021 manyan kamfanoni sun fitar da kusan tan 67.

Gaskiya ɗaya ce, kuɗi ya shiga baitulmali, an samu injiniyoyi da direbobi 'yan ƙasa masu albashi mai kyau. Sai dai mahaƙar zamani inji ke yin aikinta, ba ta ɗaukar mutane da yawa. Kuma waɗanda take ɗauka masu takardar makaranta ne, yawanci daga Wagadugu da Bobo. Ɗan ƙauyen da aka tasa, in ya yi sa'a ya samu gadi ko shara. Majalisar dokoki da kanta ta yi bincike a 2016, ta ce tsakanin 2005 da 2015 ƙasar ta yi asarar sama da miliyar 551 na kuɗin sefa ta hanyar rangwame, fasa-ƙwauri da harajin da ba a karɓa ba.

Essakane

Mu koma Essakane, domin ita ce babbar mahaƙar ƙasar, a can ne kuma ake ganin komai a fili. Wurin da talakawa suka gano da yunwa a cikinsu ya bi hannun kamfanoni daban-daban har ya faɗa hannun IAMGOLD na Kanada a 2009. A watan Yuli na 2010 aka fara fitar da zinariya. Kafin nan sai da aka tashi mutum fiye da dubu 11 daga matsugunansu, aka sake tashin wasu a 2013 da aka faɗaɗa ramin.

Mu mutanen zango ba sai an fassara mana tashi ba. A 2003 aikin ZACA ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke kewaye da ita, har da wani ɓangare na Kamsaoghin, aka ba mutane filaye a Ouaga 2000 da Nioko. An biya diyyar bango da rufi. Kusancin kasuwa, da maƙwabcin shekara 40, da masallacin da kakanka ya yi limanci, waɗannan babu wanda ya sa musu farashi. To haka abin yake ga makiyayin Oudalan, har ma ya fi, domin shi arzikinsa a fili yake: rijiya, fadama, burtali.

A yi adalci, kamfanin ya gina gidajen siminti, makarantu da ɗakin shan magani, ya sa hannu a aikin ruwan sha na Dori. Ma'aikatansa sun haura dubu 2, mafi yawansu 'yan Burkina. Amma waɗanda aka tasa sun yi shekaru suna kuka cewa gonakin da aka ba su ba su kai na da ba, ruwa ya yi nisa, wuraren da suke wanke turɓaya su samu na cefane kuma sun shiga bayan waya. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 15 a Essakane, ɗaya daga cikin manya a yankin a lokacin. Injunan mahaƙa take ciyarwa.

Akwai kuma shari'ar da aka fi sani da ta garin gawayi. A ƙarshen 2018 aka tsare kwantenonin ragowar gawayin tace zinariya na Essakane a Bobo, ana zargin akwai zinariyar da ba a bayyana ba a ciki. Kamfanin ya musanta. Shekara biyar ana kai da komo, a Disamba 2023 aka sasanta, kamfanin ya biya miliyar 9. Abin da shari'ar ta tona shi ne rauninmu: ƙasa mai zinariya ba ta da isassun na'urori da ƙwararrun da za su auna abin da ke fita.

Ranar da gari ya yi magana

A ranakun 30 da 31 ga Oktoba 2014 jama'a suka kori Blaise Compaoré bayan shekara 27. Tsoro ya fita daga zukatan mutane, ƙauyukan da ke kusa da mahaƙai su ma suka ɗaga murya. Wanda ya fi yin amo shi ne na Karma a Yatenga. Kamfanin True Gold na Kanada yana gina mahaƙa kusa da Ramatoulaye, garin shehunnai da dubban mutane ke zuwa Maulidi duk shekara. Jama'a suka ji tsoron rami zai kai ga masallaci da maƙabarta. A watan Janairu na 2015 suka ƙone kayan aikin kamfanin. Aiki ya tsaya watanni, sai da aka zauna da shugabannin gari kafin a ci gaba. Kamfanin yana da takardarsa cikakkiya daga Wagadugu. Abin da bai samu ba shi ne wancan tsohon izini na mai ƙasa.

A cikin wannan yanayi majalisar riƙon ƙwarya ta yi sabuwar dokar ma'adinai ranar 26 ga Yuni 2015. A ganina, a duk tarihin da muka bi, nan ne karo na farko da aka rubuta sunan ƙauye a cikin rabo. Dokar ta kafa asusun raya yankunan ma'adinai. Kowane kamfani zai zuba kashi 1 cikin 100 na cinikinsa, gwamnati ta ƙara kashi 20 cikin 100 na kuɗin da take karɓa a kan kowace oza. Komin ɗin da mahaƙa ke cikinta tana da kaso na musamman, sauran a raba wa dukan komin-komin da jihohin ƙasar. Dokar ta kuma tanadi asusun gyaran wuri bayan an rufe mahaƙa.

To amma rijiya ta bayar, guga ya hana. Kamfanoni suka ce an yi musu alkawarin ba za a sauya sharaɗi ba. Takardun aiwatarwa ba su fito ba sai 2017, kuɗi bai fara isa komin ba sai 2019. Da ya isa, wasu ƙananan komin kamar Falagountou suka wayi gari da kuɗin da ya ninka kasafinsu, ba su da ma'aikatan da za su tsara kashe shi. Wasu wurare an ga aji da rijiyar burtsatse, wasu wurare kuɗin ya kwanta a asusu. Duk da haka abu ne da ɗan gari zai iya zuwa ofishin magajin gari ya tambaya, da lamba, da shekara.

Bindiga ta shigo

Kafin asusun ya zauna da gindinsa, tsaro ya lalace. Ranar 6 ga Nuwamba 2019 aka tare ayarin motocin ma'aikatan Boungou a kan hanyar Fada, aka kashe mutum 39. A watan Yuni na 2021 aka afka wa Solhan, garin masu haƙar gargajiya a Yagha, hukuma ta ce mutum 132 suka mutu, mutanen yankin suka ce sun fi haka. Ranar 14 ga Nuwamba 2021 aka kai hari sansanin jandarmomi a Inata, kusa da mahaƙar da aiki ya riga ya tsaya a cikinta, aka kashe jandarma 53. Fushin Inata yana cikin abin da ya share hanyar juyin mulkin Janairu 2022. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Masu ɗauke da makamai sun gane abin da hukumomi suka daɗe ba su gane ba. Inda aka kori masu haƙa da sunan takardar kamfani ko gandun daji, sai su zo su ce ku haƙa, ku ba mu namu. Ba zinariya ce ta haifi yaƙin ba, amma haushin da aka tara a bakin ramuka ya zama itacen hura shi.

Sai kuma Perkoa, mahaƙar tutiya a Sanguié. Ranar 16 ga Afrilu 2022 ruwan sama ya cika ramin, ma'aikata 8 suka maƙale a ƙasa, shida 'yan Burkina, ɗaya ɗan Tanzaniya, ɗaya ɗan Zambiya. Babu wanda ya fito da rai. A watan Satumba kotu ta samu manyan jami'ai biyu da laifin kisa ba da niyya ba. Kamfanin Trevali ya durƙushe, mahaƙar ta rufe, Réo da kewaye suka shiga halin da Poura ta shiga a 1999.

Gemun maƙwabci

Masu sauraronmu na Nijar sun san wannan labari da wani suna. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak ta biyo a 1978 a Akokan. Shugaba Diori Hamani yana tsakiyar neman ƙarin farashi daga Faransa aka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, a shekarar da fari da yunwa suka riga suka girgiza mulkinsa. Yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekaru yana haska biranen Faransa, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da lantarki. Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar miliyoyin tan na ragowar turɓaya mai guba a bayan gari. A Ɗan Issa ta jihar Maradi kuwa, ramin zinariyar gargajiya ya rufta a Nuwamba 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu.

A Najeriya, kamfanonin Ingila sun kwashe kuzar Jos fiye da rabin ƙarni, da gumin leburorin da aka kwaso daga ƙasar Hausa, wasu ma da tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu. Kududdufan da suka bari suna nan har yau. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Can babu kamfani, babu hukuma, sai talaka da turminsa. Wato barin mutane su kaɗai ma ba mafita ba ce.

Inda muke yau

Gwamnatin Kyaftin Ibrahim Traoré ta juya akalar. A Oktoba 2023 an ɗaga kuɗin da ake karɓa a kan oza har zuwa kashi 7 cikin 100 idan farashi ya haura dala 2,000. A Nuwamba na wannan shekara aka aza harsashin matatar zinariya a Wagadugu. Dokar Yuli 2024 ta ɗaga kason gwamnati daga kashi 10 zuwa 15, kamfanin gwamnati SOPAMIB ya karɓi Boungou da Wahgnion. Baƙi ba su tafi duka ba: 'yan Kanada da Ostareliya suna nan, Nordgold na Rasha ya samu sababbin takardu. Farashi kuma ya haura dala 3,000 a Maris 2025. Duk wanda ya san asarar da binciken 2016 ya tona ba zai ce ƙarin kason ƙasa laifi ne ba.

Amma ku dubi ɗaya gefen. Tun Fabrairu 2022 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun komin, wakilan da aka naɗa ke riƙe da su. A 2023 an gyara doka domin wani ɓangare na asusun raya yankunan ma'adinai ya tafi asusun tallafa wa yaƙi. Ana iya fahimtar dalilin, ƙasa na cikin wuta. Sai dai ma'anarsa ita ce, ɗan rabon da ƙauye ya samu da ƙyar a 2015 shi ne aka fara taɓawa. Akwai kuma wani abu. A da in kamfani ya ɓata rijiya, ana kai ƙara wurin gwamnati. In gwamnati ce mai ramin, ita ce mai duba aikin, ita ce mai karɓar ƙara, wurin wa mai rijiya zai je? Poura ta riga ta nuna mana yadda hakan ke ƙarewa in ba a yi tanadi ba.

Saboda haka, duk mai zaune kusa da mahaƙa, ko ta baƙo ce ko ta ƙasa, akwai abubuwan da yake da haƙƙin tambaya ba tare da ya zagi kowa ba. Nawa komin ɗinmu ta samu daga asusun a bara, me aka yi da shi? Nawa aka ajiye domin gyaran wuri, a wane asusu, wa ke da ikon taɓa shi? In za a tashe mu, da wa za a zauna kafin a sa hannu, kuma ina makiyaya da ruwa a cikin lissafin diyya? An ware wa masu haƙar gargajiya wurin da za su yi aiki da izini, da mai koya musu rabuwa da zaiba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kowace mahaƙa tana da ranar rufewa tun ranar da aka buɗe ta.

Muna jiran saƙonninku, musamman mutanen Oudalan, Yatenga, Tera da Arlit, ku faɗa mana abin da idonku ya gani a garuruwanku, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.